John Hampden, Attajirin Da Ya Ƙi Biyan Sule 20

A wannan fitowa mun kawo muku tarihin wani ɗan majalisar Ingila, John Hampden, mutumin da ya ja da sarki a kan haraji.

An haife shi wajen shekarar 1595. Mahaifinsa ya rasu tun yana ƙarami, ya bar masa gonaki masu yawa a lardin Buckinghamshire. Ya yi karatu a Oksfod, ya shiga majalisa a 1621. A 1627 Sarki Charles na ɗaya ya tilasta wa masu hali su ba shi rance. Hampden ya ce sam, aka ɗaure shi kusan shekara guda.

Daga 1629 zuwa 1640 sarki bai kira majalisa ba. Da aljihu ya bushe, sai ya tono wani tsohon haraji na jiragen yaƙi, wanda a da garuruwan bakin teku kaɗai ke biya, ya ɗora wa ƙasa baki ɗaya. Aka yanka wa Hampden sule 20 a kan wata gonarsa, wato fam guda. To jama'a, mene ne fam guda a wurin attajiri irinsa? Hujjarsa ita ce, majalisa ba ta amince da harajin ba. Mu duba da kyau: in sarki ya ɗauki fam guda yau ba tare da shawara ba, wa zai hana shi ɗaukar ɗari gobe?

Magana ta kai gaban alƙalai 12. A 1638 bakwai suka ba sarki gaskiya, biyar suka goyi bayan Hampden. Ya faɗi a shari'a, amma fa mutane da dama suka daina biya, kuma a 1641 majalisa ta soke harajin.

Ran 4 ga Janairu 1642 sarki da kansa ya shiga majalisa da dakarai don kama shi da wasu huɗu, ya tarar sun sulale. A shekarar nan yaƙin basasa ya ɓarke. Hampden ya ja runduna ta ɓangaren majalisa, aka harbe shi a kafaɗa a filin Chalgrove ran 18 ga Yuni 1643, ya cika bayan kwana shida.

Abin lura gare mu, mutumin nan ba ihu ya yi a kasuwa ba. Kotu ya je, ya tsaya a kan doka, ya kuma ɗauki abin da ya biyo baya.