BEN ENWONWU: MAI ZANEN DA DUNIYA TA SAN SHI KAFIN 'YANCIN KAI

An haifi Ben Enwonwu a garin Anaca a shekarar 1917. Mahaifinsa masassaƙi ne, saboda haka tun yana yaro hannunsa ya saba da gizago da itace. A makarantar gwamnati ya haɗu da wani Bature malamin zane mai suna Kenneth Murray, wanda ya lura da baiwar yaron, ya kuma ƙarfafa masa gwiwa. A shekarar 1944 ya tafi Ingila, ya yi karatu a makarantar zane ta Slade da ke Landan. Da ya dawo gida, gwamnati ta ɗauke shi mai ba ta shawara kan harkokin zane.

Sunansa ya ƙara fitowa ne lokacin da aka ba shi aikin yin mutum-mutumin Sarauniyar Ingila Elizabeth ta biyu da tagulla. Sarauniya ta zauna a gabansa a Landan a 1957 yana dubanta yana aiki, alhali ƙasarsa tana ƙarƙashin mulkinta. Akwai kuma Anyanwu, siffar mace doguwa da ke gidan tarihi na Legas; a 1966 Nijeriya ta ba Majalisar Ɗinkin Duniya kyautar irinsa.

Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya taɓa shi ƙwarai, domin garinsu yana cikin wuraren da aka yi wa ɓarna. A 1971 ya zama farfesan zane a Jami'ar Ife. A can ne ya zana wata gimbiyar gidan sarautar Ife mai suna Adetutu, zanen da aka fi sani da Tutu. Mai karatu ya duba lokacin: Ibo ne ya zana 'yar sarautar Yarabawa, shekaru kaɗan bayan an ajiye bindiga. Shi ya sa mutane da yawa suka ɗauki zanen a matsayin alamar sulhu, har suka riƙa rataye kwafensa a ɗakunansu. Guda uku ya zana, kuma duk ukun suka ɓace. Ya rasu a Legas a watan Fabrairu na 1994.

Labarin Tutu bai ƙare da rasuwarsa ba. A ƙarshen 2017 aka gano ɗaya daga cikin ukun a wani gida a Landan. A watan Fabrairu na 2018 kamfanin gwanjo na Bonhams ya sayar da shi a kan fam miliyan 1.2 da 'yan kai. A watan Nuwamba na wannan shekara aka kawo shi Legas, aka nuna shi a bajekolin zane-zanen zamani na ART X Lagos, wanda aka fara yi a 2016.

A ganina, a nan ne amfanin irin wannan bajekoli da illarsa suka bayyana tare. Ba don shi ba, da matasan Legas da suka girma suna ganin kwafe a bango ba su taɓa tsayawa a gaban ainihin zanen ba. Kwafe ba ya nuna kaurin fenti ko yadda haske ya kwanta a fuskar gimbiyar. Ɗalibin zane kuma yana samun damar ganin ayyukan masu zane na ƙasashen Afirka da yawa a zaure ɗaya, cikin yini ɗaya, ya kwatanta su da na magabata irin su Enwonwu.

Amma bajekoli kasuwa ce. Kwanaki kaɗan ake yi a watse, ga cunkoso, ga masu ɗaukar hoto da waya, mutum ba ya samun natsuwar da zai daɗe yana kallon abu ɗaya. Abin da ya fi damuna shi ne yadda maganar kuɗi ta rufe sauran magana. Mutane da dama sun san farashin Tutu, amma ba su san dalilin da ya sa iyayensu suka rataye kwafensa bayan yaƙi ba. Da aka tashi daga bajekolin, zanen ya koma hannun mai shi, wanda bai bayyana sunansa ba lokacin gwanjon.

A 2019 an sayar da wani zanensa mai suna Christine a Landan a kan fam miliyan 1.1. Shi kuwa Anyanwu yana nan a gidan tarihi na Onikan a Legas, inda ɗalibi zai iya zuwa ya tsaya a gabansa iya son ransa.