Marigayi Malam Sa'adu Zungur

Malam Sa'adu Zungur mutumin Bauchi ne, ɗan gidan malamai. Cikin 1934 ya zo Ikko karatu a Kwalejin Yaba, ya ga yadda mutanen Kudu ke haɗa kai don neman haƙƙinsu. Cikin 1943 shi da su Malam Aminu Kano suka raya taron tattaunawa a Bauchi, inda ake yi wa En'e tambayoyi gaba da gaba. Da hukuma ta rufe taron, sai suka kafa wata ƙungiya. Cikin 1948 ya komo Ikko, ya zama sakataren NCNC. Ciwo ya ci ƙarfinsa, ya rasu cikin 1958, bai ga mulkin kai ba. Amma irin da ya shuka ya tsiro a NEPU, jam'iyyar talakawa. Allah ya jiƙansa, amin.