Labarin Babban Gwani, Maginin Masallacin Zazzau

Ya 'yan'uwa malamai da fatake, ga labarin Muhammadu Durugu, wanda ake kira Malam Mika'ilu Babban Gwani, Allah ya jiƙansa. Shi ne ya gina masallacin Juma'a na birnin Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846.

Kayan aikinsa ba su wuce ƙasa da tubali da azara ba. Da su ya ɗaura bakan gizo bisa ginshiƙai masu kauri, ya rufe da tulluwa. Amma abin da ya fi cancanta a tsaya a kansa shi ne zanensa. Bai siffanta mutum ba, balle dabba ko tsuntsu. Layi ne mai zurfi, da da'ira, da kusurwa, waɗanda ake fitarwa da hannu tun yaɓe yana ɗanye. Mai rubutun allo in ya kuskure sai ya wanke. Magini kuwa in ƙasa ta bushe, abin da hannu ya ja ya zauna ke nan. Kuma bai cika bango da ado ba, yakan bar fili, haske da inuwa su ƙarasa aikin. Maginan baya sun cika ƙofofin attajirai da keke da mota da fenti iri iri, amma a ganinmu ba su kamo ƙafarsa ba. Masu zane na Turai ma sai wajen 1910 suka fara barin siffa suna bin layi zalla, alhali shi ya daɗe a kabari.

Mutanen Zazzau suna ba da labari cewa Sarkin Birnin Gwari ya kira shi ya gina masa, da aiki ya ƙare sai ya sa aka kashe shi, don kada ya yi wa wani sarki wanda ya fi. Zuriyarsa suka ci gaba da sana'ar, har wa yau akwai unguwa a Zariya mai sunansa.

Bayan 1970 aka rushe sashen masallacin, aka lulluɓe sauran da ginin siminti. Wanda fatauci ya bi da shi ta Tudun Wada da Doguwa zuwa Jos, ya tambayi gidan tarihi, akwai kwatankwacin masallacin da aka gina a can da ƙasa.