Waliyyi Musa Baƙi: shugaban 'yan fashin kogin Nilu da ya rasu ba makami a hannunsa

Ƙarshen watan Agusta lokaci ne na bukukuwa a wajen mabiya addinin Kirista. 'Yan Katolika na bikin ɗaukaka Maryama ranar 15 ga wata, Kibɗawan Masar da Sudan da Kiristocin Habasha kuma na kammala azumin Maryama na mako biyu da biki ranar 22. Ranar 28 an fi saninta da Waliyyi Augustin, malamin nan da ya rasu a shekara ta 430 a garin Hippo, Annaba ta ƙasar Aljeriya a yau. Amma a wannan rana ce kuma cocin Katolika da na Girkawa ke tunawa da wani ɗan Afirka da ba a cika jin labarinsa ba a yankinmu, wato Musa Baƙi. Larabawa na kiransa Anba Musa al-Aswad, masu Faransanci na cewa Moïse l'Éthiopien. Su Kibɗawa tasu ranar ita ce 24 ga watansu na Ba'una, daidai da 1 ga Yuli.

Labarinsa ba baƙo ba ne ga ƙasar da Hausawan Sudan ke noma a yau, daga Jazira zuwa Mai Wurno da ƙauyukan Dinder. A zamaninsa, Girkawa na kiran duk baƙar fatar da ya fito daga kudancin Masar da sunan Bahabashe, ko daga Nuba yake ko daga tsaunukan Habasha. Wannan yanki na Shuɗin Nilu ma ya taɓa zama ƙarƙashin daular Kirista ta Alwa, mai hedikwata a Soba kusa da Khartum, wadda sarkinta ya karɓi addinin a shekara ta 580, ta kuma daɗe har zuwa wajen 1500. Ruwan da ke cika kogin Dinder a watan Agusta yana cikin ruwan da a da ke gangarawa ya tumbatsa Nilu a Masar, kuma a bakin wannan kogi Musa ya fara yin suna.

An haife shi wajen shekara ta 330. Mafi yawan abin da aka sani game da shi ya fito ne daga Palladius, wani bishop da ya zauna tare da sufayen Masar ya rubuta tarihinsu wajen shekara ta 420, sai kuma tarin hikayoyin dattawan hamada da almajiransu suka adana. Musa bawa ne a gidan wani jami'in gwamnati. Ubangidansa ya kore shi saboda sata da mugun hali, har ana zarginsa da kisa. Ƙato ne mai ƙarfin gaske, don haka bai daɗe a daji ba ya zama shugaban wata ƙungiyar 'yan fashi da ta addabi garuruwan bakin kogi.

Hikayar da aka fi bayarwa ta wancan lokaci ita ce ta wani makiyayi. Wata rana da dare karnukan makiyayin suka yi haushi suka ɓata wa Musa wani shiri, sai ya ƙullace shi. Da ya ji mutumin yana kiwo a ƙetaren kogi, ya ɗaure rigarsa a ka, ya ciji takobi a baki, ya yi iyo ya haye, alhali Nilu na cike, faɗinsa ya kai kilomita ɗaya da rabi. Makiyayin ya hango shi ya ɓuya cikin rairayi. Da Musa bai same shi ba, sai ya yanka raguna huɗu mafi ƙiba, ya ɗaure su da igiya ya sake hayewa da su. Ya ci naman da ya ga dama, ya sayar da fatun ya sha giya, sannan ya taka sama da kilomita 70 a ƙafa ya koma wurin yaransa.

Wannan mutum ne wata rana ya bayyana a Sketis, wurin da ake kira Wadi Natrun a yau, wato Kwarin Kanwa, kimanin kilomita 100 arewa maso yammacin Alƙahira. A can ne Makariyus Babba da mabiyansa suka kafa zaman sufanci: kowa da ɗakinsa nesa da na ɗan'uwansa, suna saƙa kwanduna da igiya daga ganyen dabino, suna haɗuwa ranakun Asabar da Lahadi domin ibada. Musa ya faɗi laifuffukansa a fili, aka yi masa baftisma, aka haɗa shi da wani dattijo limami mai suna Isidor.

Tubar ba ta zo masa da sauƙi ba. Shekaru ya yi yana fama da sha'awa da tunanin tsohuwar rayuwarsa. Ya rage cin abinci zuwa busasshiyar gurasa kaɗan. Palladius ya ce shekara 6 ya yi yana kwana a tsaye yana addu'a, amma abin bai sake shi ba. Daga nan ya ɗauki wani aiki da ba wanda ya sa shi. Rijiyoyin kwarin na da nisa, wasu kilomita 3 daga ɗakunan sufaye, wasu har 7. Cikin dare sai ya bi ɗakunan tsofaffi da marasa lafiya, ya kwashi tulunansu ya cika ya mayar ba tare da sun sani ba. A bakin rijiya aka tsince shi wata safiya kwance kamar matacce, ya yi jinyar shekara guda. Isidor ya shawarce shi da ya sassauta wa kansa, ya daina ɗaukar ibada kamar dambe.

Ƙarfinsa bai tafi ko'ina ba. Wasu ɓarayi huɗu da ba su san ko shi wane ne ba sun taɓa faɗa masa a ɗaki. Ya kama su duka ya ɗaure, ya saɓa su a baya kamar dami ya kai su coci, ya tambayi dattawa abin da za a yi da su, tunda shi yanzu ba shi da izinin cutar da kowa. Da ɓarayin suka gane cewa wannan shi ne Musan da ake tsoro a da, su ma suka tuba suka zauna.

Abin da ya fi ɗaukaka sunansa shi ne ƙin yanke wa wani hukunci. Wani sufi ya yi laifi, aka kira taro, aka aika wa Musa ya ƙi zuwa. Da aka matsa masa, sai ya cika wani tsohon kwando mai huda da rairayi ya goya, ya taho rairayin na zuba a bayansa. Aka tambaye shi ma'anar haka. Ya nuna musu cewa haka zunubansa ke tsiyaya a bayansa ba ya ganinsu, ga shi an kira shi ya duba na wani. Taron ya watse, aka yafe wa mai laifin. Wani karon kuma an sa azumin mako guda, sai baƙi suka zo masa daga cikin Masar, ya hura wuta ya dafa musu abinci. Maƙwabta suka ga hayaƙi suka kai ƙara, amma limaman suka yabe shi a gaban jama'a, domin ya fifita haƙƙin baƙo a kan dokar da mutane suka kafa.

Launin fatarsa ma ya jawo masa wulaƙanci, kuma littattafan ba su ɓoye wannan ba. An taɓa gorantar da shi a tsakiyar taro, ya yi shiru, daga baya ya amsa cewa abin ya yi masa zafi. Lokacin da babban bishop na Iskandariya ya naɗa shi limami, ya sa aka kore shi daga wurin bagadi da baƙar magana don a gwada haƙurinsa. Ya fita bai tanka ba. Masu karatu da dama a yau na ganin wannan gwaji a matsayin shaidar wariyar da ke cikin al'ummar wancan zamani, har a tsakanin masu ibada. Duk da haka, shi ne ya zama uban almajirai 70, kuma har gwamnan yankin ya taɓa yin tattaki don ganinsa, shi kuwa ya sulale ya ɓuya.

Ajalinsa ya zo ne tsakanin shekara ta 405 da 407, yana da shekara 75. Mahara daga hamadar yamma, waɗanda marubutan lokacin ke kira Mazik, suka nufo kwarin. Musa ya gargaɗi almajiransa su gudu, ya kuma hana a ɗauki makami. Shi kansa ya ƙi tafiya, yana ganin wanda ya rayu da takobi bai kamata ya guje wa takobi ba. Mutum bakwai suka zauna tare da shi. Aka kashe shi tare da shida daga cikinsu, na bakwai ya ɓuya ya tsira, shi ne ya ba da labari. Wannan ne hari na farko da ya tarwatsa Sketis, sufaye da yawa suka watsu zuwa wasu wurare.

A bana ma ranar tunawa da shi ta zo wa mutanen kwarin Nilu da tambayar da ya sani. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilun 2023, Wad Madani da Sinja da Dinder duk sun ga masu bindiga sun shiga gari, Musulmi da Kirista sun yi gudun hijira tare. Haka a Zamfara da Katsina da kudancin Maradi ake ta muhawara kan 'yan bindigar da suka ce sun tuba. A labarin Musa, an karɓe shi ne bayan ya faɗi abin da ya aikata, ya bar shugabanci, ya yi shekaru yana ɗebo wa raunana ruwa, kuma bai sake riƙe makami ba har ranar da aka zo kashe shi.

Gawarsa na ajiye tare da ta malaminsa Isidor a gidan sufaye na Baramus, ɗaya daga cikin huɗun da suka rage a Wadi Natrun. Kibɗawan da ke kai ziyara can na kiransa Musa Mai Ƙarfi.