Muhammadu al-Kashinawi, Malamin Hatimi

Muhammadu ɗan Muhammadu Bafillace ne, mutumin ƙasar Katsina. Shi ya sa Larabawa suke ce masa al-Kashinawi. Ya yi karatun addini da lissafi da ilmin taurari. Daga baya ya tafi Makka aikin hajji, sa'an nan ya zauna Alƙahira, a ƙasar Masar.

Wajen shekarar 1732 ya rubuta littafi da larabci bisa hatimi. Hatimi zane ne mai kusurwa huɗu da ake raba shi gida-gida, a zuba lambobi ciki. Ga wani ƙarami mai gida tara:

4 9 2
3 5 7
8 1 6

Kowane layi aka haɗa, a kwance, a tsaye ko a karkace, 15 ake samu. In an juya hatimin, ko an dube shi cikin madubi, lambobi su sake wuri, amma jimla ba ta sakewa. Ta haka hatimi guda yake ba da kama takwas. Har yau masana lissafi suna nazarin irin wannan juyi.

Malam Muhammadu ya koyar da hanyar cika hatimai manya. Ya kuma gargaɗi almajirai kada su karaya in aiki ya yi wuya.

Bai komo gida ba. Ya rasu a Alƙahira a 1741, a gidan abokinsa Hasan al-Jabarti.

Aiki: Ku juya hatimin nan cikin allunanku, ku sake haɗa layuka.