August Aichhorn: Malamin da ya ajiye bulala a gidan kangararru

A ƙarshen shekarar 1918, lokacin da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ƙare, daular Ostiriya da Hangari kuma ta wargaje, birnin Viyana ya cika da yaran da ba su da mai kwaɓa. Iyaye maza da dama ba su dawo daga fagen daga ba, yunwa ta shiga gidaje, sace-sace da gudun gida suka yawaita. Hukumar birnin ta danƙa ɗaruruwan irin waɗannan yara ga wani malamin firamare ɗan shekara 40, ta ba shi tsohon sansanin 'yan gudun hijira a garin Oberhollabrunn domin ya mayar da shi gidan tarbiyya. Sunan malamin August Aichhorn, kuma abin da ya yi a wannan sansani ne ya sa har yau masu nazarin kangarar yara ke ambatonsa.

An haife shi a Viyana ranar 27 ga Yuli, 1878, a gidan masu gasa burodi. Tagwaye ne, amma ɗan'uwansa ya rasu suna samari. Ya tashi cikin yaran da ke koyon sana'a a gidan burodin, ya san bakinsu da dabarunsu tun kafin ya riƙe alli. Sunansa ya fara fitowa ne wajen 1907, sa'ad da ya yi tsayin daka a kan wuraren kula da yara maza masu tsarin soja da ake buɗewa a birnin, inda fareti da tsawa suka zama tarbiyya. Ya yi nasara, aka kuma ɗora masa jagorancin irin waɗannan wurare na kusan shekara goma.

A Oberhollabrunn ya hana duka baki ɗaya. Ya rarraba yaran rukuni-rukuni bisa ga halayensu, sai aka samu ragowar yara 12 da kowane rukuni ya ƙi karɓa saboda tsananin faɗa. Ya haɗa su a ɗaki guda, ya umarci masu kula da su da kada su hukunta, kada su tsawata, sai dai su tsare rai da lafiya. Abin da ya biyo baya ya isa ya sa a sallami kowane shugaban ma'aikata: an farfasa tagogi, an karairaya kujeru, mata biyun da ke kula da ɗakin suka galabaita har aka canza su. Wata rana wani yaro ya zari wuƙa ya yi kan ɗan'uwansa a gaban Aichhorn, shi kuwa bai motsa ba, domin ya lura yaron so yake a gan shi. Yaron ya jefar da wuƙar, ya fashe da kuka. Haka sauran suka riƙa kaiwa wannan gaɓa ɗaya bayan ɗaya, bayan wasu watanni kuma ɗakin ya lafa.

Bayanin Aichhorn shi ne, waɗannan yara ba su san wani martani daga manya ba sai duka, don haka tsokanarsu neman tabbatar da abin da suka sani ce. Duk wanda ya mare su ya gaskata musu cewa duniya haka take. Da marin ya ƙi zuwa, sai ƙiyayyar ta rasa abin jingina.

Ya yi wannan aiki ne da basirarsa, kafin ya samu ka'idar da za ta fassara shi. Ka'idar ta zo ne daga Sigmund Freud, mai nazarin ɓoyayyen ɓangaren zuciyar ɗan Adam, ta hannun 'yarsa Anna Freud, wadda ta ƙarfafa masa gwiwa. Ya shiga ƙungiyar almajiran Freud ta Viyana a 1922, ya fitar da littafinsa kan kangararrun matasa a 1925, aka fassara shi zuwa Turanci a 1935 da sunan Wayward Youth. Freud da kansa ya rubuta gabatarwar, kuma a cikinta ne ya lissafa ayyuka uku da ya ce cikin raha ba sa yiwuwa: tarbiyya, warkarwa da mulki. Mai karatu da ke aikin gwamnati zai iya yanke hukunci a kan na ukun.

Jigon littafin shi ne bambanci tsakanin kangara ta ɓoye da ta fili. Sata, gudun gida da ƙin makaranta alamu ne kawai, kamar yadda zazzaɓi yake ga cuta. Mugun aboki ko rayuwar titi na iya tono ta, amma sai da shirinta a zuciyar yaron tun da fari, shi ya sa yara biyu za su tashi a lungu ɗaya, guda ya lalace, guda ya tsira. Shirin kuwa, a ganinsa, yana samuwa ne daga gatan da ya wuce kima, ko tsananin da ya wuce kima, ko gidan da uba ke matsawa uwa na shagwaɓawa. Yaro yana gina lamirinsa ne ta hanyar koyi da babban da yake ƙauna. In bai samu wanda zai ƙaunata ba, lamirin ba zai kafu ba, hukunci kuma sai dai ya tura alamar ta ɓuya ta ɓullo ta wata kafa. Aikin mai tarbiyya shi ne ya zama wannan babban.

Misali mafi daɗin ji a littafin shi ne na wani saurayi da aka kora daga makarantar soja saboda sata. Aichhorn ya ba shi riƙon kuɗin shagon taba na gidan, da sanin abin da zai faru. Da kuɗi suka yi giɓi, ya kira shi ofis ya taya shi kakkaɓe littattafai, suna hira har ya kai ga maganar. Yaron na jiran a kira 'yan sanda, sai Aichhorn ya ciro kuɗin daga aljihunsa ya ce ya je ya cike. Ba da jimawa ba yaron ya dawo yana kuka, ya amayar da abin da ya daɗe yana ɓoyewa.

Akwai abin dubawa a nan. Yara 12 ba su isa hujjar kimiyya ba, kuma dabarar ta dogara ƙwarai da kwarjinin mutum ɗaya; wanda ya kwaikwayi tsayuwarsa gaban wuƙa ba tare da idonsa ba, gawa zai ɗauka. Masanan zamantakewa na Chicago, Clifford Shaw da Henry McKay, sun nuna a 1942 cewa laifin yara yana bin unguwannin da talauci ya ɗaiɗaita ko da mazaunansu sun sauya, abin da bayanin zuci kaɗai ba ya warwarewa. Duk da haka, tambayar da ya dasa ta yi tsiro. A 1944 likitan Ingila John Bowlby ya wallafa bincikensa kan yara ɓarayi 44, inda ya danganta taurin zuciyar wasunsu da doguwar rabuwa da uwa tun suna ƙanana.

Da Jamus ta haɗiye Ostiriya a 1938, Freud da akasarin almajiransa, waɗanda Yahudawa ne, suka yi hijira. Aichhorn ba Bayahude ba ne, ya zauna, kuma 'yan Nazi sun tsare ɗansa a sansanin Dachau. A hukumance aikinsa ya koma ƙarƙashin cibiyar Berlin da gwamnatin Nazi ta amince da ita, amma a gidansa ya ci gaba da koyar da 'yan tsirarun ɗalibai karatun Freud da aka haramta. A 1946 ya sake buɗe ƙungiyar Viyana, ya shugabance ta har rasuwarsa ranar 13 ga Oktoba, 1949, yana da shekara 71.