Charles Blagden: Likitan da ya auna yadda gishiri ke hana ruwa daskarewa

A gaɓar tekun Alaska da arewacin Kanada da Siberiya, magina kan kafa gida ne a kan ƙasar da sanyi ya daskarar. Amma akwai wuraren da ma'aunin zafi zai nuna digiri 2 ko 3 ƙasa da sifili, a haƙa kuma a tarar ƙasar na da laushi, ba za ta iya ɗaukar nauyin gini yadda ake zato ba. Gishirin da ke cikin ruwan ƙasar ne sanadi. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fara auna wannan ɗabi'a ta gishiri da lissafi shi ne wani likita ɗan Ingila, Charles Blagden.

An haife shi a 1748 a yankin Gloucestershire. Ya yi karatun likita a Edinburgh, ya kammala a 1768, daga baya ya zama likitan soja.

Abin da ya fara fito da sunansa zafi ne. A 1775 ya shiga wani ɗaki da aka hura wa wuta har zafinsa ya kai kusan digiri 127, ya yi mintoci a ciki. Ƙwai da tsokar naman da aka ajiye a ɗakin sun dahu, shi kuwa ya fito lafiya, zafin jikinsa bai wani sauya ba. Da haka ya nuna cewa gumi ne ke sanyaya jikin ɗan Adam yayin da yake bushewa. Ganganci ne, amma ya yi amfani.

Daga nan ya zama mataimakin Henry Cavendish, attajirin masanin nan mai gudun mutane, sannan a 1784 aka naɗa shi sakataren ƙungiyar masana kimiyya ta Royal Society. Shi ne ya kai wa Lavoisier labarin gwajin da Cavendish ya yi kan ruwa a birnin Paris a 1783, abin da ya jawo doguwar taƙaddama kan wanda ya fara gano sinadaran da suka haɗu suka yi ruwa.

Aikinsa mafi daraja ya fito a 1788. Ya riƙa narkar da gishiri a ruwa, yana ƙara yawansa kaɗan-kaɗan, yana rubuta matakin sanyin da kowane haɗi ya zama ƙanƙara. Sai ya ga abin na tafiya daidai da daidai: in aka ninka gishirin, matakin daskarewar ma zai sauka ninki biyu. A shekarar aka ba shi lambar yabo ta Copley. Ƙa'idar ta fi aiki idan gishirin bai yi yawa ba, kuma da ita ake fahimtar dalilin da ruwan teku ba ya daskarewa sai wajen digiri 1.9 ƙasa da sifili.

A cikin ƙasa lamarin ya fi haka rikitarwa. Idan ƙanƙara ta fara samuwa tsakanin ƙwayoyin yashi da laka, takan ture gishiri zuwa sauran ruwan da bai daskare ba. Wannan ruwan sai ya ƙara gishiri, ya ƙara ƙin daskarewa. Shi ya sa injiniyoyi a waɗancan yankuna ke auna gishirin ƙasa kafin su kafa ginshiƙi.

Duk da lambar yabon, masana sun yi biris da binciken na shekaru da dama, har wani Bajamushe, Friedrich Rüdorff, ya sake gano abu ɗaya a 1861. Blagden bai ga ranar da aka liƙa wa ƙa'idar sunansa ba. Ya rasu a 1820 a Arcueil, kusa da Paris, a gidan abokinsa masanin sinadarai Berthollet, aka binne shi a maƙabartar Père Lachaise.